Igiyar Ruwa a Tankin Ɗangiwa

Laifin da wannan labari zai hukunta shi ne raini: mutum ya ga abin da bai gane ba, maimakon ya yi tambaya sai ya yi dariya, ya kuma tara jama'a su taya shi. Jahilci shi kaɗai ba abin kunya ba ne, kowa da nasa aka haife shi. Amma akwai wanda ke naɗa wa jahilcinsa rawani, ya zaunar da shi a zaure yana karɓar gaisuwa. Irin wannan ne Ɗangiwa na Tambuwal, ga kuma yadda ta ƙare masa.

Ɗangiwa dillalin gero ne, ƙaton mutum mai faɗin ƙirji, wanda in ya yi magana a rumfarsa masu awo a can ƙarshen layi sai sun dakata. Ubansa ya bar masa garken shanu a hannun Fulani wajen Sanyinna, da fadama mai ba da rake da albasa. Da ya zauna a kan wannan, da har yau jikokinsa suna shan nono. To, shekara biyu bayan an sauke tutar Turawa, zamanin Jihar Arewa, sai wani kamfanin gyaran hanya ya tattara komatsansa zai koma ƙasarsu, ya yi gwanjon tarkacen da ba zai iya ɗauka ba. Ɗangiwa ya ji labari. Ya sayar da shanun, ya sayar da fadamar, ya tafi Sakkwato a bayan motar gyaɗa, ya dawo a gaban tasa: tsohuwar motar ɗaukar ruwa, da tanki kwance a bayanta kamar dorinar da ta ƙoshi.

Ba don ado kawai ya saye ta ba. An yi shela cewa hukumar En'e za ta gina makaranta a kan wani tudu bayan garin Kebbe, ga bazara ta shigo, rijiyoyin wajen sun ja baya, magina kuwa ba su kwaɓa siminti da yawu. Wanda duk zai riƙa kai musu ruwa, aikin nasa ne har a gama gini. Ɗangiwa ya nema, ya samu. Dukiyarsa kaf yanzu tana tsaye a kan taya shida. In motar ta yi tafiya ya ci, in ta kwanta ya kwanta tare da ita.

Ranar da ya iso da ita gida, ya hau sama da kyar, ya buɗe murfin tankin, ya zura kai. Da idonsa ya saba da duhun ciki sai ya ga faranti uku na ƙarfe a tsaye, sun raba cikin tankin ɗaki-ɗaki, kowane faranti da ramuka zagayayyu masu faɗin faifai.

“Kai, ku zo ku ga ɓarnar Nasara!” ya faɗa wa mutanen da suka taru kallo. “Ɗakuna sunka gina ma ruwa! Baƙi gare shi da za a ware musu masauki? Ƙarfe mai kyau haka, an bar shi cikin duhu shina tsatsa.”

Ya aika aka kira maƙeri. Maƙeri ya shiga tankin da guduma da kurfi, ya yi ta fama har ya datse farantan nan uku daga jikin bango, aka zaro su. Biyu aka yi ƙyaure da su, aka kafa a ƙofar gidan Ɗangiwa, na ukun aka ɗora sama ya zama rumfa. Aka shafe su da koren fenti. A duk unguwar babu mai ƙofar ƙarfe, har gidan liman ƙyauren kara ne. Ɗangiwa ya daina zama cikin zaure, ya koma shimfiɗa tabarma a gindin ƙofar, don duk mai wucewa ya gan su tare.

Matarsa Ummu ce kaɗai ba ta yaba ba.

“Maigida, wagga ƙofa ce ko rariya?” ta ce. “Ina tsakar gida ina tuƙi, kowane mai wucewa sai ya leƙo ya ga abin da nika dafawa. Jiya har wata tsohuwa ta ce mini gishirina ya yi yawa.”

“Ado ne, ke ba ki sani ba,” in ji Ɗangiwa. “A Kaduna haka manya ka yin ƙofofinsu.”

Bai taɓa zuwa Kaduna ba.

Ana cikin haka sai ga Malam Atiku, ɗan yayar Ɗangiwa, ya zo hutu. Atiku ya yi karatu a Zariya, yana aikin awo a ma'aikatar ruwa ta Sakkwato. Siririn mutum ne mai sanyin murya, fensir kullum a bayan kunne. Shi ma yana da nasa ciwon: in ka tambaye shi hanyar masallaci, sai ya fara maka da yadda ake buga tubali. Ya zo gaida kawunsa, amma bai kai ga tabarma ba ya tsaya cak a gaban ƙofar. Ya shafa ta, ya auna ramukan da taƙi, ya dubi motar da ke fake a gefe. Ya hau ya leƙa cikin tankin, ya daɗe. Da ya sauko sai ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ta kamata, sannan ya ce:

“Kawu, ƙofar ga, daga cikin tanki anka cire ta?”

“Ka ga aikin hankali ko? Ku da kunka yi boko ba ku iya ganin ƙofa cikin tanki.”

“Kawu, ba ƙofa ba ce. Su ka riƙe ruwa in mota na tafiya.”

“Tanki ka riƙe ruwa, ɗana. Bari in koya maka: wanga babban abin, shi ne tanki.”

Mutanen da ke zaune suka yi dariya. Atiku bai yi ba. Ya tambaya ko cika tankin za a riƙa yi har baki. Direban da Ɗangiwa ya ɗauka, wani Bube wanda bai daɗe da barin karen mota ba, ya amsa daga inda yake tsugune: ba za a cika ba, rabi za a zuba, don akwai busasshen rafi kafin a shiga Kebbe, in motar ta yi nauyi za ta nutse a yashi.

“Rabi,” in ji Atiku a hankali, kamar wanda aka faɗa wa rasuwa. “Kawu, ka ba ni kwana kaɗan da kusurwar zaure. Zan nuna maka.”

Ɗangiwa ya ba shi, don yana son abin dariya ya daɗe.

Atiku ya kawo manyan takardu, ya baje a ƙasa. A kan ta farko ya zana tankin, ya tsaga shi gida-gida kamar dara, ƙananan gidaje birjik. Gidajen ƙasa ya ce na ruwa ne, na sama ya ce na iska ne, tsakaninsu ya ja layi. A kowane gida ya rubuta lamba. Daga nan ya karkata tankin kaɗan a kan takarda, kamar yadda mota ke yi in taya ɗaya ta faɗa rami, ya shiga lissafin yadda kowane gida zai tura na kusa da shi: wannan ya zuba wa wancan, wancan ya matse iskar da ke kansa, iskar ta gudu ta koma ɗaya gefen. In ya gama gidajen duka, sai ya ɗauko sabuwar takarda ya sake zana tankin da sabon layi, ya sake farawa. Kowace takarda, in ji shi, ƙiftawar ido ɗaya ce a rayuwar ruwan.

Ɗangiwa yakan leƙo bayan la'asar, hannu a baya.

“Har yanzu ba ka jiƙe ba? Na ɗauka zan iske zauren ya cika. Ummu! Kawo tulu, ɗanki na ɗiban ruwa da fensir!”

“A ƙasar Turawa an ce akwai injin da ka yin wanga lissafi cikin hantsi guda, Kawu. Girmansa ya kai zauren ga.”

“To ka aika su aro maka. Tsaya, mi ne wanga na sama? Iska kaka lissafawa? Iska!”

“Tare suke zaune cikin tankin, Kawu. In ba iska, ruwa ba shi da wurin gudu. In an cika tanki har baki, ruwan zama shika yi kamar dutse. Rabin da anka bar ma iska, shi ne filin sukuwarsa.”

“Filin sukuwa! Sai mu saya mishi linzami.”

Ranar da Atiku ya gama, ya jera takardun bisa juna, ya kira kawunsa. Ya kama gefensu da babban yatsa ya sake su ɗaya bayan ɗaya, da sauri. Sai ga layin nan da ya raba ruwa da iska yana motsi. Ya tashi a hagu, ya faɗi, ya tashi a dama sama da da, ya dawo, ya sake tashi, har a takardun ƙarshe ya miƙe ya lanƙwasa kai ya doki bangon tankin kusa da rufi.

Gaskiya, Ɗangiwa ya ƙura wa takardun ido. Abin ya yi kama da mai rai. Amma akwai mutane a zauren, kuma shi Ɗangiwa ne ya yanka wa yaron nan ragon suna.

“Igiyar ruwa ke nan, Kawu,” in ji Atiku. “Tana da saurinta. Daga wanga bango zuwa wancan, kamar numfashi guda taka ɗauka. In rangajin mota bisa hanya ya zo daidai da tafiyarta, kowane rangaji ƙara mata ƙarfi shika yi, har ta fi ƙarfin motar. Farantan ga su ka karya ta tun tana ƙarama.”

“Tsaya. Ka ce tana da saurinta?”

“Tana da shi.”

“Ta kai mota gudu?”

“A'a, ba ta kai ba, amma Kawu ba nan maganar take ba, don ita a cikin—”

“Shi ke nan! Ka gama magana.”

Atiku ya yi ƙoƙarin ci gaba. Ya ce hanya uku ce: ko a maida farantan, ko a cika tankin har baki a nemi wata mashiga ta rafin, ko a yi tafiya a hankali kamar mai rakiyar tsohuwa. Amma ya ɗauko bayanin daga nesa, ya bi ta nauyin ruwa da faɗin tanki, kafin ya iso inda ake bukata rabin zauren sun fita alwala.

Da Ɗangiwa ya tsaya nan, da laifinsa bai kai a ba da labari ba. Sai ranar kasuwa ta zo. Ya sa aka kira Atiku rumfarsa, ya tara dillalai da masu awo da 'yan kallo, ya ce yau shi ma zai yi nasa gwajin, ba da takarda ba. Ya kira wata Bafulatana mai tallar fura da nono, ya sa ta dama masa, ya ce ta dama da kauri yadda yake so, kada ta tsinka. Aka miƙo masa ƙwarya, furar ta tsaya a rabi, kirtif, ludayi na iya tsayuwa a ciki.

“Jama'a, ga tanki,” ya ce, ya ɗaga ƙwaryar. “Rabi ne ko ba rabi ba?”

“Rabi ne!”

“Akwai faranti ciki?”

“Babu!”

Ya ɗora ƙwaryar a tafin hannu ya shiga rangaji da ita, yana kwaikwayon kukan mota da bakinsa, yana tafiya yana tsalle-tsalle tsakanin buhunan gero. Ya karkata hagu, ya karkata dama, ya yi birki da ƙafa. Furar ko gezau. Ta ɗan jingina, ta koma ta zauna.

“Ina igiyar? Malam Atiku, ina taka? Ko ta tsaya Zariya ɗaukar jarrabawa?”

Kasuwa ta kaure da dariya.

“Kawu, fura ce,” in ji Atiku. “Fura tana da kauri. A zuba ruwa a gani.”

“Ji wani zance! Da mi anka dama furar, da yashi? Ruwa ne ciki, har da ƙarin gero. In mai gero bai tashi ba, tsurarsa ce za ta tashi?”

Ya kafa kai ya shanye, ya goge gemu, ya kife ƙwaryar.

“Ga lissafinka nan, na shanye shi.”

Babu wanda ya ce a kawo ruwa a gwada, ko da yake ga randa nan a bakin rumfar. Dariya ta riga ta yi daɗi, ba mai son a ɓata ta. Atiku ya sa fensirinsa a bayan kunne ya tafi.

Da Ɗangiwa ya koma gida, Ummu ta tare shi a tsakar gida.

“Maigida, ni ban san boko ba, ban kuma san mota ba. Amma yaron ga bai taɓa yi maka ƙarya ba. A cire ƙofar a maida, in an gama ginin sai ka sake ciro abinka. Ni ma in huta da 'yan leƙe.”

Ɗangiwa ya dubi ƙofar. Rana ta faɗo ta cikin ramukanta ta zuba farare-farare a ƙasa. Ya tuna yadda mai unguwa ya tsaya ya ƙwanƙwasa ta da sanda ya ce ma sha Allah. Ya tuna dariyar kasuwa. In ya cire ta yanzu, gobe dariyar nan kansa za ta dawo.

“In cire ƙofata saboda zanen yaro? Gari duka ya ga gidana a buɗe kamar bakin mahaukaci? Ba a haifi igiyar da za ta sa ni haka ba.”

Ranar sawun farko, Ɗangiwa ya sa babbar rigarsa ta Sallah, fara sol mai aiki. Ya ɗauko makaɗa biyu da maroƙi guda, ya ce su hau bisa tankin, don ba zai shiga Kebbe shiru kamar mai kai gawa ba. Ya riga ya aika cewa ruwa na tafe, a fito a gani. Suka tsaya a tafkin da ke bakin hanya bayan an fita Tambuwal, leburori suka yi ta jido da garwa har ruwa ya kai rabin tanki, Bube ya ce ya isa. Aka rufe murfi. Maroƙi ya gyara murya.

“Ɗangiwa mai kai gulbi tudu! Ɗangiwa mai ƙofar ƙarfe! Kowa ya sha, kai ka ba shi!”

Da farko lafiya lau. Hanyar tana da ɗan kyau, Bube na tafiya a hankali, sai dai can baya ana jin ruwa yana tambal-tambal kamar cikin wanda ya sha da yawa. Ɗangiwa ya fito da gwiwar hannu ta taga yana ɗaga wa manoma hannu, har da waɗanda ba su dube shi ba.

Sai suka shiga inda motocin gyaɗa suka kwaɓe hanya da damina, rana ta busar da ita haka: rami a hagu, tudu a dama, sannan rami a dama, tudu a hagu, a jere kamar an shuka su. Motar ta fara rangaji. Ta jingina nan, ta jingina can. Sai aka ji dum! daga baya. Can kuma dum! a ɗaya gefen. Sitiyari ya fizge a hannun Bube.

“Maigida, wani abu na bugunmu.”

“Igiyar Atiku ce,” in ji Ɗangiwa, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. “Da bakinsa ya ce ba ta kai mota gudu ba. Taka, mu bar ta baya!”

Bube irin mutanen nan ne da in mai ba su abinci ya ce rana daga yamma take fitowa, sai su ce su ma sun lura. Ya taka.

Dum! Wannan karon har kujera ta ɗaga su. Kiɗan da ke sama ya rikice, ganga ɗaya ta yi shiru.

“Maigida, tana nan fa!”

“Don ba ka taka da kyau ba! Kai direba ne ko mai jaki? Ƙara mata wuta!”

Bube ya ƙara. Itatuwa suka fara wucewa da gudu. Bugun ya daina zama bugu, ya zama kamar bijimi ne aka kulle a ɗaki yana neman ƙofa. A sama, maroƙi ya bar kirari ya koma salati, ya rungume murfin tankin da hannu biyu da ƙafa biyu. Makaɗan suka kwanta rub da ciki. Ɗangiwa ya leƙa ta taga ya waiwaya, yana duban hanyar da suka baro, ko zai hango igiyar a can baya ta gaji ta tsaya. Bai ga komai ba sai jan ƙasa na tashi.

“Mun kusa tsere mata,” ya ce. “Taka!”

A haka suka iso gangaren busasshen rafin nan. A ɗaya gaɓar, mutanen Kebbe sun fito: wakilin hakimi a kan kujera, magina da cebur a kafaɗa, mata da tuluna ko za a samu ragowa, yara bisa itace. Hanyar tana gangarawa ne sannan ta karya kwana kafin ta shiga yashi. Bube ya ga kwanar, hankalinsa ya dawo, ya danne birki da ƙafa biyu.

Motar ta yarda ta tsaya. Ruwan bai yarda ba. Ya taho gaba ɗaya ya doki gaban tankin, ya tura motar cikin kwanar tana ja da taya. Bube ya murɗa sitiyari. Ruwan ya koma gefe, ya hau bango. Tayoyin ɓangare guda suka tashi sama. Motar ta tsaya a haka ɗan lokaci, a karkace, kamar mai tunanin ko ya manta wani abu a gida. Sannan ta kwanta.

Makaɗa da maroƙi suka tashi sama kamar an watsa tsaba, suka zube cikin yashi. Tankin ya tsage daidai inda maƙeri ya sassare farantan, don ashe su ne ke riƙe da haƙarƙarinsa. Ruwa ya ɓalle. Rafin da bai ga ruwa ba tun kaka ya yi gudu na ɗan lokaci, yara suka yi ta ihu suna bin sa, kafin yashi ya shanye abinsa. Wasu awaki da ke kusa suka samu suka kurɓa. Duk Kebbe su kaɗai suka sha ruwan Ɗangiwa.

Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Aka jawo Bube ta taga, yana fitowa ya ce shi dama tun a Tambuwal ya so ya yi magana. Aka jawo Ɗangiwa bayansa, mutum huɗu suka taru a kansa, rigar Sallah ta koma kalar kunun kanwa da baƙin mai, bakinsa na jini. Ya tsaya a tsakiyar rafin yana tangaɗi. Wakilin hakimi ya taso daga kujerarsa, ya zo har bakin gaɓa, ya dubi motar, ya dubi yashin da ya jiƙe.

“Sannu, Ɗangiwa,” ya ce. “An gode. Sai dai makarantar can bisa tudu take, ba nan ba.”

Maroƙin nan, da ya tabbatar ƙasusuwansa na nan, ya karkaɗe rigarsa ya matso, don sana'a ba ta hutu.

“Ɗangiwa mai shayar da yashi!” ya ce. Sunan kuwa ya zauna.

Washegari Atiku ya zo a kan keke. Bai yi dariya ba, bai ce ai na faɗa ba, wanda da ya faɗa da ya fi sauƙi. Ya zagaya motar, ya auna tsagar tankin da taƙi, ya dubi sawun taya a kwanar. Sannan ya zo inda kawunsa ke zaune a inuwa da tsumma a baki, ya durƙusa.

“Kawu, ka gafarce ni, akwai kuskure cikin lissafina.”

Idon Ɗangiwa ya ɗan yi haske.

“A takarda hagu ta kwanta. Ga shi nan kuwa dama ta kwanta. Ban sa kwanar ga ciki ba. In na koma zan gyara.”

Aka kira makaniki daga Sakkwato. Ya duba ya ce gindin motar ya karye, injin ya fashe, kayan gyaranta kuma sun bi masu ita zuwa ƙasarsu. Magina ba su jira ba, aka ba wani mai mota daga Dogon Daji aikin, wanda tankinsa ke da ɗakunansa cif. Motar Ɗangiwa ta zauna a bakin rafin har damina ta zo ta binne rabinta, maƙeran Kebbe suka yi ta yankar sauran suna ƙera fartanya.

Ga abin da rainin Ɗangiwa ya ci masa, a lissafe, ba da fensir ba. Garken shanun ubansa, ya tafi. Fadamar rake da albasa, ta tafi. Motar da ya saya da su, ta tafi. Aikin kai ruwa, ya tafi tun sawun farko. Rigar Sallah, ta tafi. Ganguna biyu na mutane da suka fashe, sai da ya sayar da ragowar geronsa ya biya. Haƙoran gaba guda biyu, suna cikin yashin Kebbe. Rumfarsa ta kasuwa ya bar ta, don duk mai tallar fura da ta wuce sai wani ya ce a dama wa Ɗangiwa tanki guda, da kauri.

Abin da ya rage masa ƙofar ce, koriya shar, ba abin da ya same ta. Ya daina zama a gindinta, ya koma ciki ya rufe. Sai dai ramukan nan masu faɗin faifai suna nan, kowane mai wucewa yana ganinsa.